Sauraren littafi karatu ne? Abin da tarihi ya nuna

Iyaye da malaman makaranta suna yawan kawo wannan tambaya: yaro ya zuba littafi a salula, ya toshe kunne yana saurare, ko za a ce ya karanta? Wasu suna kiran abin lalaci. Ni dai ina ganin kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu waiwayi baya, don Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka.

Mu fara da kalmar kanta. A wajen Bahaushe, "karatu" da murya ake yin shi. Wanda ya wuce makarantar allo da almuru, amon muryoyin yara zai fara ji kafin ya hangi alluna. A tafsirin watan azumi kuwa, mai jan baƙi yana karantawa, malam yana fassarawa, ɗaruruwan mutane na zaune ba littafi a hannunsu, kuma kowa ya tashi cewa yake ya fito daga karatu.

Haka abin yake a wasu ƙasashen. A ƙarni na 4, Agustin, wani malamin Kirista ɗan Arewacin Afirka, ya rubuta yadda ya ga Amburos, limamin cocin birnin Milan, yana bin shafi da ido bakinsa shiru. Ya ga abin ya isa a ba da labarinsa. A Dimashƙa da Alƙahira ma, malaman hadisi sun daɗe suna rubuta shaidar "sama'i" a ƙarshen littafi: sunan malami, sunan wanda ya karanta, sunayen waɗanda suka saurara, da rana da wuri. Wanda sunansa ya shiga yana da izinin ruwaito littafin.

A ƙasar Hausa, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru. Jajis suna zuwa wurinta su ɗauki waƙoƙin ilimi, su koma ƙauyuka su rera wa mata. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne. Da kunne ya sami iliminsa, wasu suka rubuta masa.

Na'ura ta shigo daga baya. Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, kuma cikin amfanin da ya hango mata har da littattafai masu magana domin makafi. A 1934 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fara ba makafi aron faya-fayen littattafai, Ingila ta biyo baya a 1935. Da yawa daga cikin masu buƙatar su sun makance ne da girmansu, wasu a Yaƙin Duniya na Farko, kuma koyon rubutun makafi na shafawa da yatsa ya yi masu wuya. Tun a lokacin aka yi irin gardamar da muke yi yau: masu kare rubutun makafi sun ji tsoron faifai zai sa a daina koyon sa.

Tsoron nasu yana da tushe, kuma a nan ne nake son malamai da iyaye su lura. A 1986 masu bincike biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana cewa fahimtar rubutu tana tsaye kan abu biyu: gane baƙaƙe da haɗa su, da kuma fahimtar harshe. Saurare yana gina na biyun sosai, yana ƙara wa yaro kalmomi da sanin yadda labari ke tafiya. Na farkon kuwa sai ido ya sha wahala a kan takarda. Magabatanmu sun san haka, shi ya sa almajiri ke fara babbaƙu da farfaru, yatsa a kan allo, malam na gyara masa, ko da ya riga ya hardace surar da ka.

Saboda haka amsata kashi biyu ce. Babban mutum da ya saurari littafi a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ko uwa da ke saurare tana girki, littafin ya shige su, kada a raina masu. Yaron da ke CI ko CP kuwa, saurare kaɗai ba zai koya masa haɗa baƙi ba, kuma ranar jarrabawa takarda za a ajiye a gabansa.

Abin da nake ba da shawara shi ne mu koma tsarin zaure. A bar yaro ya saurara, amma littafin na buɗe a gabansa, yatsansa na bin layi. In an gama shafi, a kashe salular, shi ma ya karanta da muryarsa, wani babba na ji. Uban da bai shiga lakwal ba ma yana iya zama mai sauraren nan, ya tambayi yaron abin da labarin ya ce.