Tarihin Jiragen Iska na Larabawa da Kifin da Ya Raya Su

Ya ku 'yan makaranta, yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma kakanninmu da su ka tafi Makka a ƙasa sun gan ta. In sun ratsa Barno da Wadai da Darfur, sai su sauka Sawakin a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin katako mai filafilai, iska ta kora su wajen mil 200 zuwa Jidda. To, labarin irin waɗannan jirage za mu ba ku yau, da yadda a ka yi katako ya jure wa ruwan gishiri shekara da shekaru.

Ku sani, a Tekun Indiya iska tana da ƙa'ida, kamar yadda mu ke da hunturu da damina. Daga wajen watan Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, sa'an nan daga Afrilu zuwa Satumba ta juyo daga kudu maso yamma. Saboda haka matuƙan Oman da Yaman da Kuwait su kan ɗauki dabino da gishiri da busasshen kifi, su bi gaɓar ƙasar Somaliya, su yada zango a Lamu da Mombasa, har su kai Zanzibar. Can za su zauna sai iska ta juya, kāna su koma gida da kanumfari da hauren giwa da itacen rufin ɗaki, gama ƙasarsu ba ta da dogayen itatuwa. Ba kuwa za mu ɓoye ba, har bayi sun ɗauka, kafin a rufe kasuwar bayi ta Zanzibar cikin 1873.

Abin mamaki, jiragen farko ba ƙusa ko ɗaya a jikinsu. Huda katako a ke yi, a ɗinke shi da igiyar ɓawon kwakwar attagara, kamar yadda mai gyartai ke ɗinke ƙwarya. Wani falke mai rubutu da harshen Yunanawa ya ambaci ɗinkakkun jirage a gaɓar Afirka ta Gabas tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Cikin 1183 kuma wani malamin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare Bahar Maliya daga Aizab zuwa Jidda cikin irin wannan jirgi, ya yi fiye da mako guda bisa ruwa. Ya rubuta cewa a kan shafe jirgin da man shanu, ko man zurma, ko man wani kifi da Larabawa ke kira ƙirshu, ya ce kuma na kifin ya fi duka kyau.

Wannan kifi shi ne Turawa ke kira shak, Sawahilawa kuwa su ce papa. Ba shi da ƙashi sai guringuntsi, haƙoransa jeri jeri ne, in ɗaya ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Waɗansu irinsa su kan kama mutum, shi ya sa matuƙa da masu nutso neman lu'ulu'u ke shakkarsa. Amma Allah ya ba shi hanta ƙatuwa cike da mai, ita ke taimakonsa ya tsaya cikin ruwa kada ya nutse. Wannan hanta ita ce maganin jirgi.

Masuntan Halramautu da Mahara da tsibirin Sukutura su ne gwanayen kamunsa. Su kan fita cikin ɗan ƙaramin jirgi da taru mai kauri, ko babbar ƙugiya da a ka saƙala wa nama. In ya kamu sai a jawo shi kusa, a kashe shi tun yana cikin ruwa, domin wanda ya ɗora shi da rai cikin kwalekwale ya sayi faɗa da kuɗinsa. A gaɓa a kan tsaga naman a zuba gishiri a shanya, a kai Mombasa da Zanzibar, inda talakawa ke yin miya da shi. A dā fikafikansa a kan aika ta Bombai zuwa ƙasar Sin. Hantar kuwa a dafa ta, ko a bar ta cikin rana har man ya tsatso.

To, me ya sa jirgi ke bukatar mai haka? Abokan gabansa biyu ne. Na farko rana, wadda ke busar da katakon da ke sama da ruwa har ya tsage. Maganinta man kifin nan, a shafa ciki da waje, ko da ya ke warinsa ba ya da daɗi. Na biyu wata halitta mai kama da tsutsa, wadda ke cin katako daga ciki kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ba a ganin kome sai ran da jirgi ya ɓule. Ga yadda a ke yaƙinta. Ruwan teku ya kan cika ya janye sau biyu a yini da dare. Sai a kawo jirgi gaɓa sa'ad da ruwa ya cika, a tokare shi da itace. Da ruwa ya janye, matuƙa su kankare gindinsa, su cusa auduga cikin tsaguwa, su shafe shi da hannu da farar ƙasa haɗe da kitse, suna waƙa. Haka a ke yi bayan ko wace doguwar tafiya. Wani Bature, Alan Villiers, ya bi jirgin mutanen Kuwait cikin 1938 da 1939, ya tarad da su suna wannan aiki kamar yadda kakanninsu su ka yi.

Amma zamani riga ne. Jirage masu tururi sun ƙwace manyan kaya, ɗinkakkun jiragen Lamu sun ƙare wajen 1930 da 'yan kai, Kuwait ta fara sayad da man fetur cikin 1946, matuƙa su ka bar teku su ka kama aikin albashi. Duk da haka sanin bai mutu ba. Cikin 2010 a ka tuƙa wani jirgi ɗinkakke da a ka ƙera a Oman har Singafo, ba ƙusa, ba inji.

Kifin fa? Shi da a ke tsoro dā, yau shi ke bukatar a ji tausayinsa. Jirage masu inji da dogayen taruna sun yi masa yawa, ga shi ba ya haihuwa da sauri kamar sauran kifaye. Cikin 2021 masana su ka bayyana cewa shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970.

Abin lura a nan, mutanen dā ba ƙarfin jirgi ya kai su Zanzibar ba, kulawa ce. Wanda ya yi ƙyuyar shafa mai a gaɓa, a tsakiyar teku zai biya, shi da duk wanda ya ɗauko. Sun kuma san ba a zubad da kome na abin da Allah ya hore, har na dabbar da su ke tsoro. Ku riƙe wannan, ko da kwalekwalen Kwara ne ko garmar gona a ka danƙa muku. Allah ya sa mu gane, amin.