Makafin da Suka Koya wa Majami'a Waƙa

Idan mai jagorar sujada ya kira lambar waƙa, sai majami'a ta cika da ƙarar takardu, kowa yana laluben shafi a Littafin Waƙoƙi. Makahon da ke bencin gefe kuwa, kafin masu ido su gano shafin ya riga ya ɗauki baitin farko, kuma in wuta ta ɗauke a sujadar dare muryarsa ake bi. Tsofaffin 'yan kwaya ba sa mamakin haka, don sun san kaso mai tsoka na waƙoƙin da ikilisiyoyi ke rerawa a duniya daga bakin makauniya ya fito.

Sunanta Fanny Crosby. An haife ta a jihar New York ta Amurka a 1820, ta rasa gani tana jaririya, mahaifinta kuma ya rasu ba ta cika shekara ba. Kakarta ce ta riƙa zaunar da ita tana karanta mata Littafi Mai Tsarki, har ta haddace Linjila huɗu da littattafan Musa biyar tun tana yarinya. A 1835 ta shiga makarantar makafi ta New York, daga baya ta zama malama a can, ta kuma auri wani makaho mai kaɗa organ a majami'a. Jaririn da suka haifa bai rayu ba.

A ka take shirya waƙa. Sai ta tsara baitoci ta gyara su a zuci, wani lokaci waƙa da yawa a jere, sannan ta kira mai rubutu ta yi masa shifta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, don haka Malam Aliyu Namangi na Zariya ya tsara Imfiraji ba tare da ya ga harafi ba. Kafin rasuwarta a 1915 ta yi waƙa sama da 8,000. Yawan ya kai masu buga littattafai suna saka mata sunayen aro, kada a ce mutum ɗaya ya cinye littafi, ladan kowace waƙa kuwa dala ɗaya ko biyu ne. A 1873 ƙawarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata wani sabon sauti ta tambaye ta me ta ji yana faɗa, nan take ta ɗora masa kalmomin "Blessed Assurance".

A Sikotlan akwai Fasto George Matheson, wanda idonsa ya mutu yana saurayi. 'Yar'uwarsa ce ta zame masa ido, har ta koyi harsunan Girka da Ibrananci don ta taya shi karatu. A wani dare na watan Yunin 1882, yana zaune shi kaɗai a gidan fasto na Innellan, 'yan gida sun tafi bikin ƙanwarsa, baƙin ciki ya taso masa, ya rubuta waƙarsa kan ƙaunar da ba ta sakin mutum cikin 'yan mintuna. Charlotte Elliott ta Ingila ma tana fama da doguwar jinya ta yi "Just As I Am", wadda daga baya ta zama waƙar rufe taron wa'azin Billy Graham.

Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba su cika waƙoƙinsu da alkawarin warkewa ba. Crosby ta mutu makauniya, haka Matheson. Abin da suka nanata shi ne Allah yana riƙe da bawansa a halin da yake ciki, kuma akwai ranar da za a ga fuskar Mai Ceto. Shi ya sa mai naƙasa ke jin waƙar tasa ce. Masu wa'azin da ke ɗora rashin warkewa a kan ƙarancin bangaskiya, da sun tsaya sun saurari abin da kwayarsu ke rerawa da sun rage murya.

Ira Sankey, mawaƙin tarukan mai wa'azi Moody, shi ya yaɗa waƙoƙin Crosby cikin kundinsa, shi ma makanta ta same shi a ƙarshen rayuwarsa. Daga irin wannan kundi 'yan mishan na SIM da SUM suka fassara waƙoƙi da dama zuwa Hausa. Da yake Turawan mulki sun taƙaita musu wa'azi a masarautu, ƙofar da ta buɗe musu a shekarun 1930 ita ce ta zangon kutare, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, daga baya Danja kusa da Maraɗi. Mutumin da cuta ta cinye wa yatsu ba ya iya buɗa shafi, da yawa kuma ba su yi boko ba, don haka waƙa ce ta zame musu littafi: a rera baiti su amsa, har ya zauna. A 1953 SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, inda yara suka koyi rubutun Braille, suna bin layi da yatsa.

Sai dai har yau akwai majami'un da gurgu ke isa ƙofarsu ya tarar da matakala, sai matasa sun ɗauke shi da kekensa, kurma kuma ya zauna sujada ta ƙare ba mai fassara masa da hannu. Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Dattawan ikilisiya, in an zo kasafin sayen sababbin lasifika, a fara ware kuɗin buhun siminti na gangaren ƙofa.