2.3 Tarihin Tantance Takardun Tambayoyi Masu Auna Salon Karatun Ɗalibai

Masana na danganta asalin wannan fanni da aikin Marton da Säljö na shekarar 1976 a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Suwidin. Sun ba ɗalibai maƙala su karanta, sa'annan suka yi hira da su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan suka fito da salo biyu: salon zurfafawa, inda ɗalibi ke neman manufar marubuci, da salon sama-sama, inda yake tattara kalmomi don tsallake tambaya kawai.

Da yake hira na cin lokaci, kuma ba ta yiwuwa da ɗaruruwan ɗalibai, sai manazarta suka koma ga takardar tambayoyi. A Ingila, Entwistle da Ramsden sun fitar da tasu mai jimloli 64 a shekarar 1983. A Ostireliya kuwa, Biggs ya wallafa tasa a 1987 mai jimloli 42, ya kuma ƙara salo na uku, wato na neman maki mai yawa. Ɗalibi kan nuna gwargwadon yadda kowace jimla ta dace da shi, daga 1 zuwa 5.

A nan ne matsalar tantancewa ta taso. Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce ma'aunin alfa da Cronbach ya gabatar a 1951, wanda ke nuna ko jimlolin rukuni ɗaya sun tafi tare. Ta biyu ita ce duba amsoshin ta hanyar lissafi, a ga ko da kansu za su rarrabu zuwa rukunonin da mai takardar ya yi hasashe. Richardson (1994) ya bi sakamakon ƙasashe da dama, ya lura cewa rukunin zurfafawa kan fito kusan ko'ina, amma na sama-sama yakan sauya kama daga wata al'umma zuwa wata.

Hong Kong ce ta fi fito da dalilin wannan a fili. Malaman da suka zo daga Turai sun ɗauka ɗaliban Sin 'yan hadda ne kurum, alhali kuwa ɗaliban na samun sakamako mai kyau, kuma makinsu a rukunin zurfafawa bai gaza na takwarorinsu na Ostireliya ba. Littafin da Watkins da Biggs suka tace a 1996 ya nuna cewa da yawansu kan maimaita karatu ne domin su fahimce shi. Ke nan jimlar da ta ɗauki hadda a matsayin kishiyar fahimta ba ta auna abin da aka shirya ta domin shi ba. A ganin mai wannan nazari, duk wanda ya san yadda almajiri ke haddace Alƙur'ani kafin ya zauna gaban malami karatun tafsiri, ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Saboda irin waɗannan dalilai, da kuma buƙatar gajeriyar takarda da malami zai yi aiki da ita a aji, Biggs da Kember da Leung suka sake fasalin takardar a 2001. Sun bar jimloli 20, sun ajiye salo na uku. Da aka gwada ta a kan ɗalibai 495 a Hong Kong, alfa ta kai 0.73 ga zurfafawa, amma 0.64 ga sama-sama. Wato raunin ya ragu, bai gushe ba.

A Nijeriya, Watkins da Akande sun gwada tsohuwar takardar Biggs a 1992. Sai dai da Ingilishi aka rubuta takardun nan duka, don haka ingancin da aka tabbatar musu bai shafi fassararsu ta Hausa ba. Dole a sake tantance fassarar a kan ɗaliban da za su amsa ta, musamman jimlolin da suka ambaci hadda, kafin a dogara da alƙalumanta a babi na huɗu.