Keken Matan Miango

Yau za mu waiwayi asalin Zumuntar Mata, gama da yawa a cikinmu sun san ta da waƙa da ganga da zane iri ɗaya, amma ba su san mafarinta ba.

A shekarar 1930, a garin Miango kusa da Jos, wata mace ta sha wuyar naƙuda har ta kusa rasa ranta. Wurin magani yana da nisa, ba kuwa abin hawa. Matan ikilisiyar garin, wadda a lokacin take hannun mishan ta SIM, suka ce ba za su sāke zuba ido ba. Suka tara ɗan abin da ke hannunsu, suka sayi keke domin a riƙa kai marasa lafiya wurin magani. Daga nan zumuntar ta tsiro. Ta girmi ECWA, wadda aka kafa a 1954, da shekara 24. Daga baya ta bazu zuwa EYN da COCIN da Katolika, har ta ƙetara zuwa ikilisiyoyin Maraɗi a Nijar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mai cikin fari takan koma gida goyon ciki, uwarta ta dafa mata ruwan wankan jego har kwana 40, ta dama mata kunun kanwa, maƙwabta su zo barka. Abin da zumunta ta ƙara shi ne, macen da ta bi Yesu, ko aiki ya kai ta nesa da danginta, ta sami iyaye mata a cikin ikilisiya. Ku tuna Maryamu ma wata uku ta yi a gidan Alisabatu, Bulus kuma ya umarci Titus a kan tsofaffin mata su koya wa ƙanana riƙon gida da 'ya'ya.

To, ga namu zamanin. 'Yan bindiga sun kori iyalai daga ƙauyukan Maradun da Bakura. A Faru da Talata Mafara akwai mai goyo da ba ta da wanda zai hura mata wuta, ko ya riƙe mata yaro ta je asibiti. Kirista ce ko Musulma, maƙwabciyarki ce. Uwa, kafin taron zumunta na gaba, ki nemi ɗaya, ki shiga ɗakinta.

Ya Ubangiji, ka ba mu zuciya irin ta matan Miango. Amin.