Taron Ɗakunan Karatu na Duniya a Cape Town da Darasin da Birnin ya Bari

A watan Agustan 2015, lokacin ina ɗalibin sakandare, dubban ma'aikatan ɗakunan karatu daga sassan duniya suka hallara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu domin babban taron ƙungiyarsu, wato IFLA. Ban ji labarin taron ba sai da na shiga jami'a, ina tattara bayanai don kundin kammala digiri. An kafa ƙungiyar a Edinbura a 1927, amma sai bayan shekara 57 taronta ya sauka a Afirka, a Nairobi a 1984. Durban ta karɓi baƙuncinsa a 2007, Cape Town ta zamo ta uku. Gab da buɗe taron, ministoci da wakilan wasu ƙasashen Afirka suka amince da wata sanarwa mai ɗauke da sunan birnin, inda suka yi alkawarin inganta ɗakunan karatu a ƙasashensu.

Birnin ba ya rasa abin da zai nuna wa baƙo. Akwai Dutsen Tebur, mai shimfiɗaɗɗen kai da tsawon fiye da mita 1,000. Akwai lambun da kamfanin cinikin Holan ya dasa a 1652 don ciyar da matuƙa jiragen ruwa, kuma a gefensa ne ɗakin karatu na ƙasa yake, wanda gwamna Somerset ya assasa a 1818 da harajin giya. Akwai unguwar Bo-Kaap mai gidaje launi-launi, akwai kuma Tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya shafe shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a kurkuku. Da na bi tarihin waɗannan wurare, sai na fahimci cewa yawancinsu labarin takarda da alƙalami suke bayarwa.

Tun kafin Mandela, tsibirin ya ga wani fursuna, Imam Abdullahi, wanda aka fi sani da Tuan Guru. Ɗan sarauta ne daga Tidore, a Indonesiya ta yau, wanda Turawan Holan suka kora zuwa can a 1780. An raba shi da ƙasarsa da danginsa, amma ba a iya raba shi da abin da ke ƙirjinsa ba: ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da aka sake shi, ya buɗe makaranta a Bo-Kaap yana koyar da bayi da 'yantattu, kuma a nan aka kafa Masallacin Auwal a 1794, na farko a ƙasar. A makarantun wannan al'umma aka riƙa rubuta harshen Afirkans da haruffan Larabci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami. A ƙarni na 20 kuma, fursunonin siyasa suka mai da wannan tsibiri makaranta, wanda ya sani yana koyar da wanda bai sani ba, har aka riƙa kiransa jami'a.

Shekara shida bayan taron, ranar 18 ga Afrilun 2021, gobarar daji ta tashi a gangaren dutsen nan da baƙi ke sha'awa, iska ta kora ta cikin Jami'ar Cape Town, ta cinye zauren karatu na Jagger, inda aka taskace tarin littattafai da finafinai kan nazarin Afirka. Ruwan da aka kashe wutar da shi ya malala ɗakunan ƙasa, ya jiƙa takardun da suka tsira. Masu aikin sa kai ne suka yi jerin gwano, hannu da hannu, suna fito da su cikin akwatuna.

Nan ne tarihin ya taɓa ni. A ɗakin marigayi kakana akwai gafaka uku cike da takardun ajami, waƙoƙin wa'azi da wasiƙu, waɗanda gara ta fara ci daga gefe. Idan jami'a mai ƙwararru da kayan aiki ta yi irin wannan asara cikin yini ɗaya, ina ga gafakar da ke rataye a ɗakin da damina ke ɗiga? Sanarwar ministoci tana da amfani, amma abin da na gani a tarihin Cape Town shi ne, mutane ne ke ceton littafi: fursunan da ya rubuta, da malamin da ya koyar, da ɗalibin da ya ɗauki akwati.

Bayan na kammala digiri, na sauko da gafakokin, na kakkaɓe su, na ɗauki hoton kowane shafi da wayata. Yanzu ina zama gaban wani dattijo a unguwarmu, yana karanta mini inda rubutun ya gagare ni, ina juyawa zuwa boko. Mun gama gafaka ɗaya, saura biyu.