Masarar Illinois da aka shekara ɗari ana yi wa zaɓe

Manomin da ya ware zangarniyar dawa mafi cika ya rataye don iri ya san baɗi ba duk gonar za ta ɗauko uwar ba. Wani kyan na gado ne, wani kuwa taki ne da ruwan da suka faɗo daidai inda ta tsira. Na gadon kaɗai ke bin iri.

A 1896 wani masanin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Illinois ta Amurka, Cyril Hopkins, ya ɗauki goyon masara 163 na wata farar masara da ake kira Burr's White, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Mai a ƙwayar kashi 4.7 cikin ɗari ne, furotin kuma 10.9. Sai ya raba irin gida huɗu: mai yawan mai, mai ƙarancinsa, haka ma furotin. Kowace kaka a tsamo goyon da suka fi, a shuka su, a sake. Hopkins ya rasu a 1919, na baya suka ɗora.

Lissafin abin, wanda Jay Lush na Iowa ya yaɗa ta littafinsa na 1937 kan kiwo, ba shi da wuya. In zaɓaɓɓun sun ɗara sauran gona da maki biyu, rabin bambancin kuma gado ne, 'ya'yan za su ƙaru da ɗaya. Ƙarin shekara guda ba ya cika ido.

Amma bayan zaɓe ɗari mai ya haura kashi 20, furotin ya ninka fiye da biyu. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne juyin da aka yi bayan zaɓe 48: aka koma tsamo masu ƙarancin mai daga gidan masu yawa, sai man ya yi ta sauka. Ashe duk tankaɗen nan bai ƙarar da bambancin da ke ɓoye a jinin masarar ba. Gidan ƙarancin mai ne ya ƙure. Man ya kusa ɓacewa, irin ya daina tsira sosai, aka haƙura da shi.

Ba kyauta aka samu ba. Masarar mai yawan furotin ƙwayarta ƙanana ce, ba ta auki, don abin da ya tafi furotin daga rabon gari aka yanke shi. Manomin Illinois da ke sayarwa a kan awo bai ga abin da zai kai shi shuka ta ba.