Gungawan Yawuri da Tsibirin Foge

A Hausar Yawuri kalmar "gungu" tsibiri take nufi, kuma daga ita ne aka sami sunan Gungawa, wato al'ummar da ke kiran kanta Reshe. Kafin 1968 da yawansu a tsibiran kogin Kwara suke zaune, tsakanin Yelwa da Busa, Foge kuwa shi ne mafi girma. Babu hanya sai ta ruwa. Kwalekwale ke kai mutum kasuwa, shi ke kai shi gidan surukai. Da damina a noma gero da dawa, in ruwa ya ja baya a dasa albasa a gaɓa, ana ban ruwa da hannu.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye mafi yawan Foge. Mutane kimanin 44,000 na yankin, Gungawa da wasunsu, aka kwashe zuwa sababbin ƙauyuka a tudu. Lalle Hausancewar Gungawa ta girmi madatsar, amma ruwan da ya kewaye su ya daɗe yana tsare musu harshe. A tudu kuwa da Hausa ake ciniki da neman aure, har da yawa daga jikokinsu suka tashi suna kiran kansu Yawurawa.